Kafin Ka Cire Tayoyin da Sabuwar Motarka Ta Zo da Su

Mutum ya ɗauko mota sabuwa dal, ko ledar kujeru bai gama yagewa ba, sai ka ji yana cigiyar inda zai canza tayoyi. Na gefe zai ce kuɗi ne ke masa ƙaiƙayi a aljihu. Wani lokacin haka ɗin ne. Amma sau da yawa mai motar yana da gaskiyarsa, domin tayar da ta zo da mota ba shi aka duba aka zaɓa ba.

Kamfanin mota ba ya ƙera taya. Oda yake bai wa masu sana'ar, irin su Michelin, Bridgestone, Continental, Goodyear ko Hankook, ya gindaya musu sharuɗɗansa. Yana son taya mai sauƙin mirginawa don lissafin shan mai da na hayaƙi ya yi kyau a takarda. Yana son mai laushi, marar ƙara, don wanda ya zo ɗana mota na minti goma ya sauka da murmushi. Yana kuma son mai sauƙin kuɗi, tunda dubbai zai kwasa. Babu laifi a cikin waɗannan. Sai dai a harkar taya, abin da aka ƙara a nan an rage shi a can. Robar da ke rage shan mai tana iya rage riƙon jiƙaƙƙiyar kwalta, wadda ke damƙe hanya kuma tana saurin cinyewa. Har akan sami tayar kamfani mai suna iri ɗaya da wadda ke kan kanta a shago, amma haɗin robarsu ba ɗaya ba.

Duk da haka, ni a ganina yawancin masu sabuwar mota ba su da bukatar taɓa tayoyinsu. A kan wannan tayar injiniyoyi suka daidaita birki da shokozoba da sitiyari. Idan ba za ka iya faɗin laifinta a jimla ɗaya ba, bar ta ta ci zamaninta. Idan kuwa za ka iya, to ga yadda ake bi.

Mataki na farko: auna iska kafin ka yanke wa taya hukunci

Na taɓa karɓar wata sabuwar mota, tun a hanyar gida na ji kamar amalanke nake tuƙawa. Ko ɗan tsagin kwalta na taka sai na ji shi a ƙashin bayana. Kwana uku ina zagin tayoyin a raina, har na fara duba waɗanda zan saya. Ran na huɗu da sassafe na durƙusa na kwance murfin bawul na ɗora geji. Allurar ta tsaya kan bar 3.2, bar ɗin shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya. Na buɗe ƙofar direba na dubi 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar, ta ce 2.3. Duk huɗun haka suke. Na sauke iskar, motar ta koma wata daban.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanoni kan cika wa tayoyi iska fiye da ƙima kafin a loda motoci, saboda za su daɗe a tsaye cikin jirgin ruwa da filin ajiya, kada ƙasan tayar ya baje. Aikin dila ne ya mayar da iskar daidai kafin ya miƙa makulli, kuma akan manta. Don haka ka fara da geji. A auna lokacin da tayar ta huce, wato motar ta kwana ko ta yi wasu awanni a tsaye, domin zafin tafiya yana ɗaga awon. Lambar da za ka bi ita ce ta jikin ƙofa, ko ta cikin murfin tankin mai a wasu motocin, ko ta littafin mota. Wadda ke rubuce a jikin tayar kanta iyakar iskar da tayar za ta iya ɗauka ce, ba ita ce ake hurawa ba. Mutane da yawa a nan suke shan ƙasa.

Haka kuma 'yar rawar sitiyari a kwanakin farko tana iya zama sakamakon doguwar tsayuwar da motar ta yi. Tafiya mai ɗan nisa a babbar hanya takan warware ta. In ta ƙi tafiya, a koma wurin dila a duba balans, wannan haƙƙinka ne a kansu.

Bayan iska ta daidaita, ba motar kamar mako biyu a hanyoyin da ka saba bi. Abin da ya rage yana damunka shi ne dalilinka na gaskiya. Ko dai tana santsi in an yi ruwa, ko gurnaninta ya cika maka kunne a doguwar tafiya, ko hanyarka ta tsakuwa da ramuka ce alhali tayar ta lafiyayyar kwalta ce, ko kana zaune inda ƙanƙara ke zuba an ba ka tayar bazara, ko kuwa irin tayar nan ce mai taurin gefe da ke iya tafiya bayan ta huje, kai kuma ka gaji da jijjigarta. Riƙe wannan dalili da kyau, da shi za ka shiga shago. Wanda ya shiga ba dalili, mai shago ne zai zaɓa masa, kuma abin da ya daɗe bai fita ba zai zaɓa.

Mataki na biyu: duba takardunka

Wannan ba ya cin lokaci. A yawancin motoci, garantin taya yana wuyan kamfanin tayar ne, ba na motar ba, don haka in aibi ne daga ƙira, kamar kumburi a gefe ko taya da ta ƙi karɓar balans, a nemi musanya tukuna kafin a zaro kuɗi. Canza taya zuwa wata mai girma iri ɗaya ba ya taɓa garantin mota. Amma in ka sa girman da kamfani bai amince da shi ba, sannan wani abu ya lalace a ƙafar motar, ka ba su ƙofar zillewa. In motar ta haya ce ta dogon lokaci wadda za a mayar, karanta yarjejeniyar, domin wasu sukan ce a dawo da ita da irin tayoyin da ta zo da su. Inda inshora ke bukatar a sanar da su duk wani sauyi a mota, a sanar da su in girma ya canza.

Mataki na uku: koyi karanta gefen taya

A nan zan daɗe, don wanda ya iya wannan karatu ba a yi masa cinikin biri a sama. Je ka tsuguna gaban tayarka. Za ka ga jerin lambobi irin wannan: 205/55 R16 91V.

205 faɗin tayar ne a milimita. 55 ba milimita ba ce, kaso ne cikin ɗari: tsayin gefen tayar, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 55 ne na faɗinta, wato kimanin milimita 113. Ƙaramar lamba a nan tana nufin siririyar taya mai kyan gani da kaifin kwana, babba kuma tana nufin taya mai kauri da ke shanye ramuka. R tana nuna yadda aka shimfiɗa zaren cikin tayar, salon da Michelin ya yi wa rajista a 1946, wanda yau kusan duk ƙananan motoci shi suke takawa. 16 faɗin da'irar rim ne a inci, daga wannan baki zuwa wancan ta tsakiya. Ka ga a layi ɗaya an haɗa milimita da kaso da inci, tarihi ne ya gadar mana wannan kwamacala.

Lambobin ƙarshe su ne aka fi yin watsi da su, alhali su ne masu riƙe da rai. 91 lambar nauyi ce, tana nufin kowace taya na iya ɗaukar kilo 615 in iskarta ta cika. 94 kuwa kilo 670 ce. Harafin V iyakar gudu ne, kilomita 240 a awa. T na nufin 190, H 210, W 270, Y kuma 300. Wani zai ce, ni da ban wuce 120, me ya haɗa ni da 240? Abin ba a gudun kaɗai ya tsaya ba. Harafin yana nuna yadda tayar ke jure zafi da yadda jikinta ke riƙe kansa a kwana da lokacin birki. Ƙa'idar a nan gajeriya ce: ana iya hawa sama da abin da kamfani ya rubuta, ba a sauka ƙasa. Lambar nauyi kam ko da ɗaya ba a ragewa. In ka ga XL a jikin tayarka, ƙarfafacciya ce mai ɗaukar ƙarin kaya da ƙarin iska, wadda za ta maye gurbinta ma ta kasance haka. Masu motar lantarki su fi kowa kula da wannan, domin batir yana ƙara wa mota nauyi sosai.

Wasu kamfanonin motoci suna da tambarinsu a jikin tayar da aka ƙera musu musamman. BMW tauraro take sawa, Mercedes-Benz MO, Audi AO, Porsche kuma harafin N da lamba ko wani harafin a gefensa. Ga mota ta yau da kullum ba dole ba ne sabuwar tayar ta zo da tambarin, amma ga mai ƙarfin inji sosai gara a bi abin da littafinta ya ce. Sannan ka zagaya ka karanta duk huɗun, kada ka karanta ɗaya ka miƙe. Akwai motocin da tayoyin bayansu sun fi na gaba faɗi.

Ɗauki hoton lambobin da na takardar jikin ƙofa da wayarka. In suka saɓa wa juna, wataƙila an sa wa motar wani rim ne na zaɓi, sai a koma wa littafin mota a ga jerin girman da aka amince da su.

Mataki na huɗu: girman da take da shi, ko wani?

Shawarata ita ce ka tsaya kan girman da ta zo da shi. Ka sauya irin tayar, ka bar girman. Mafi yawan korafe-korafe, na santsi da na ƙara da na saurin cinyewa, ana magance su ba tare da an taɓa girma ba.

In kuwa ka dage, abin da ba a wasa da shi shi ne tsayin tayar gaba ɗaya, daga ƙasa zuwa samanta. Mitar gudu, maleji, na'urar hana birki kullewa da mai hana mota zamewa duk da juyin taya suke lissafi. Ga yadda ake fitar da tsayin. A ɗauki tsayin gefe a ninka biyu, a ƙara faɗin rim bayan an mayar da shi milimita, inci ɗaya milimita 25.4 ne. Ga 205/55 R16, gefe biyu sun ba da 225.5, rim ya ba da 406.4, jimla kimanin milimita 632. Ga 225/45 R17 kuwa, gefe biyu 202.5, rim 431.8, jimla kimanin 634. Bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, shi ya sa ake yawan ganin waɗannan biyun a mota iri ɗaya. Amma 215/60 R16, wadda za ta hau rim ɗinka lafiya lau har mai shago ya ce maka ai duk ɗaya ne, tsayinta milimita 664 ne, ƙarin kashi biyar da ɗan ɗoriya. Mitarka za ta riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da kake yi, kuma in ka murɗe sitiyari har ƙarshe da kaya a mota, tayar na iya gogar madigadi. Masu sana'ar ba sa son bambancin ya wuce kashi uku, ni kuwa na fi son ya tsaya ƙasa da biyu.

Game da babban rim, na san yana da kyau a ido. Amma duk incin da ka ƙara wa rim daga gefen taya ka zaro shi, kuma wannan gefen shi ne katifar da ke tsakaninka da rami. Siririyar taya tana faɗa wa rami sai ta kumbura ko rim ya lanƙwashe. Kada garin neman gira a rasa ido. Wanda hanyarsa ba ta da kyau ma, akasin haka ya kamata ya yi tunani: ƙaramin rim da taya mai kauri, muddin littafin ya yarda kuma rim ɗin ba zai taɓa birki ba.

In tayoyinka irin masu tafiya bayan huji ne, ka tuna cewa motar da ke zuwa da su galibi ba ta da safaya, wani lokacin ko jak babu. Amfaninsu shi ne su kai ka kimanin kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba bayan iska ta fita. Ka cire su ka sa na gama-gari, za ka sami laushi, amma sai ka tanadi safaya da jak da sifana, ko aƙalla famfo da ruwan toshe huji. Buɗe but ka ɗaga shimfiɗar ka gani da idonka tun kafin ka yanke shawara.

Mataki na biyar: zaɓen tayar kanta

Yanzu dalilin nan da ka riƙe zai yi aiki. Mai kukan santsi ya nemi wadda ta yi fice wajen riƙon jiƙaƙƙiyar hanya. Mai kukan ƙara ya nemi tayar doguwar tafiya mai ƙananan zane. Mai bin tsakuwa da laka ya nemi mai manyan haƙora, ya kuma yarda tun yanzu cewa za ta yi gurnani a kwalta, ta ƙara shan mai, birkinta a ruwa kuma ba zai kai na tayar titi ba. Inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 7 na tsawon watanni, robar tayar bazara takan taurare, sai a nemi mai tambarin dutse mai tsini uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. Haruffan M+S da ake gani a wasu tayoyi, masu nufin laka da ƙanƙara, su kaɗai ba su kai wannan tambarin ƙarfi ba.

Akwai alamomi biyu da za su taimaka maka. Tayoyin da ake sayarwa a Tarayyar Turai suna zuwa da takarda manne tun 2012, an kuma sabunta ta a 2021. Tana ba da maki daga A zuwa E a kan tanadin mai da riƙon jiƙaƙƙiyar hanya, da kuma awon ƙarar tayar. Na Amurka kuma a jikin robar ake rubuta nasu: lambar juriyar cinyewa, makin riƙo daga AA zuwa C, da makin jure zafi daga A zuwa C. Lambar juriyar nan kada ka ɗauke ta kamar wahayi, kamfanonin taya ne ke bayar da ita da kansu, ta fi amfani wajen gwada taya biyu na kamfani ɗaya. In aka ce in zaɓi maki ɗaya tak, riƙon ruwa zan duba. Abin da ke haɗa motarka da ƙasa bai fi faɗin tafin hannu huɗu ba, kuma ranar da yaro ya gifta maka cikin ruwan sama, ɗan man da ka tara ba zai tsayar da kai ba. Mai zama a ƙasa mai zafi kuma ya nemi A a jure zafi.

Saya huɗu iri ɗaya. Tunda motar sabuwa ce, babu hikima a haɗa biyu na kamfani da biyu na waje, motar za ta zama gabanta da halinsa, bayanta da nasa. A motar da duk ƙafafunta huɗu ke ja, bambancin girma tsakanin tayoyi yana wahalar da giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, gyaranta kuwa ya fi kuɗin taya nesa ba kusa ba. In lalura ta sa dole biyu za a saya, waɗanda suka fi riƙo a baya ake sa su, ko da motar da gaba take ja. Gaba ya zame kana da sitiyari a hannu, baya ya zame sai dai ka ga motar ta juya da kai.

Araha ba ta ado. Ba lallai sai mafi tsada ba, amma cire tayar kamfani don a sa wadda ba a san asalinta ba, an gudu ne ba a tsira ba.

Mataki na shida: ranar haihuwar taya

Kafin a ɗora ko ɗaya a kan injin, ka ce a mirgino maka su. Nemi haruffan DOT a gefe, bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu, sau da yawa cikin ɗan dogon da'ira. In ba ka gani ba juya tayar, galibi a gefe ɗaya kawai ake buga su. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2324 na nufin mako na 23 a 2024. Tun shekarar 2000 ake amfani da lambobi huɗu. Roba tana tsufa ko ba ta taka ƙasa ba. Kamfanonin motoci da dama suna ba da shawarar sauya taya in ta shekara shida, masu ƙera taya irin Michelin kuma sun sa shekara goma a matsayin iyaka. Taya mai shekara ɗaya a kyakkyawar ma'ajiya ba ta da matsala. Mai shekara uku ko huɗu da aka goge da mai tana sheƙi, ka biya kuɗin sabuwa ne ka karɓi rabin rai. Duba duk huɗun, ka kuma gwada girma da lambar nauyi da harafin gudu da hoton da ke wayarka.

Mataki na bakwai: ranar ɗaurawa

Zaɓi wurin da ke da injin cire taya da injin balans. Rim ɗin alminiyam sabo ba abin da za a sa wa ƙarfe da guduma ba ne. Kafin a fara, zagaya motar tare da mai aikin ku ga cewa babu ƙarzuwa a ko wane rim, ka ɗauki hoto. In motar tana da notin hana sata, makullinsa yana cikin aljihun gaba ko a but, ka fito da shi, in an gama kuma kada ka tafi ka bar shi.

Faɗa masa tun da wuri in motar tana da na'urar auna iska. A Amurka dole ne sababbin motoci su zo da ita tun 2007, a Tarayyar Turai tun 2014, don haka yawancin sababbin motoci yanzu suna da ita. Iri biyu ce. Wata 'yar na'ura ce mai batir a gindin bawul, cikin tayar, wadda hannun da bai sani ba ke fasawa lokacin ɓanɓare taya daga rim. Ɗayar kuma babu komai a cikin taya, kwamfutar mota ce ke lissafi da juyin ƙafafu, ita sai dai a sake saita ta daga allon mota bayan an gama hura iska.

Tsaya a wurin ka kalla, ba rashin yarda ba ne. Taya mai kibiya a gefe hanya ɗaya take juyawa, dole kibiyar ta fuskanci gaba in mota na tafiya gaba, in an juya ta sai zanen ya daina korar ruwa yadda aka tsara. Wadda aka rubuta wa OUTSIDE, wannan gefen ne ke kallon waje. In akwai ɗigon rawaya a gefen tayar, wurin da ya fi rashin nauyi ne, akan daidaita shi da bawul don a rage yawan ƙarfen balans. A yi wa kowace ƙafa balans har injin ya nuna sifili. In ka ga ana ta jera ƙarafa a wuri ɗaya, ka ce a sassauta tayar a ɗan juya ta a kan rim a sake gwadawa.

Sai ɗaure noti, inda na fi ganin ɓarna. A fara kama kowane noti da hannu, ya shiga zagaye biyu ko uku ba gardama, sannan a ɗaure a tsallake, wannan sai na gabansa, kamar ana zana tauraro, don rim ya zauna daram. Ƙarshen ɗaurin da sifana mai awo ake yi, wadda ke yin ƙas in ta kai ƙarfin da aka saita ta. Kowace mota da nata awon a littafinta. Bindigar iska ta yi wa kwancewa, amma in aka bar ta tana ɓarin wuta a kan noti, tana iya miƙar da kusa ko ta sa faifan birki ya zauna a karkace, ka fara jin feda na bugun ƙafarka. Na taɓa samun faci a gefen hanya da dare, na sa sifanar motar, na hau kanta da ƙafa biyu ina tsalle, notin ko gezau. Wanda ya ɗaure min shi da bindiga yana gida yana barcinsa. Tun daga ranar ba na barin wuri sai na ji wannan ƙas ɗin a kowane noti.

Alaimen fa, wato daidaita tsayuwar ƙafafun mota? Sabuwar mota bai kamata ta bukace shi ba, canza taya kuma ba ya ɓata shi. Amma in sitiyari ba ya tsayawa a tsakiya, ko motar na ja gefe ɗaya, ko ka riga ka faɗa wani mugun rami, a duba. Iska kuma a hura daidai da takardar jikin ƙofa, ba abin da mai aikin ya saba hurawa kowa ba. Auna da gejinka kafin ka tayar da mota.

Mataki na takwas: makonnin farko

Sabuwar taya tana da ɗan santsi a fatarta daga masana'anta, zanenta kuma mai zurfi ne, kimanin milimita 8, don haka ka bi ta a hankali na 'yan ɗaruruwan kilomita, ban da birkin gaggawa da kwana da gudu, musamman in an yi ruwa. Bayan kilomita 50 zuwa 100 koma a sake bin notin da sifana mai awo, domin rim kan ƙara zama. Washegarin ɗaurawa da safe sake auna iska, daga nan kuma sau ɗaya a wata, har da safaya. Sauyin digiri 10 a yanayi yana motsa awon da kimanin bar 0.1, don haka kada ɗan bambanci ya tayar maka da hankali. In ka ga shan mai ya ɗan ƙaru, ba abin mamaki ba ne, kuɗin riƙon da ka saya ne. Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a yi musayar gurbi tsakanin gaba da baya in girmansu ɗaya, masu kibiya kuma kowace ta tsaya a ɓangarenta. Can cikin ramin zanen akwai 'yan tudu da ke nuna milimita 1.6, iyakar doka a ƙasashe da yawa, amma riƙon ruwa yana raguwa tun kafin a kai nan.

Tayoyin da aka cire kuwa kada ka bar su a shagon, dukiya ce, kusan sababbi ne. Tun kafin aiki ka tambaya ko za a karɓe su a rage maka kuɗi, wasu dilolin ma sukan yarda a yi musanyar tun kafin motar ta bar hannunsu. In sayarwa za ka yi, yi da wuri, ɗauki hoton lambar DOT da zurfin zanen, mai irin motarka zai neme su. In ajiyewa za ka yi, ko don mayar da motar haya ko don ɗaya ta zama safaya, rubuta wa kowace gurbinta da alli, wanke ta, bar ta ta bushe, sa ta a babbar leda ka ɗaure. A ajiye a inuwa mai sanyi, nesa da rana da fetur da janareta ko wani injin lantarki, domin iskar da irin waɗannan injuna ke fitarwa tana tsattsaga roba. Marasa rim a tsaye ake jera su, ana ɗan juya su duk wata. Masu rim kuma a kwance, ɗaya kan ɗaya.